Tsibirin Wallasea: Yadda Aka Nemo Wurin Biyan Diyyar Dausayin da Tashoshin Jiragen Ruwa Suka Cinye

A ranar 4 ga watan Yulin 2006 motocin tono suka fasa tsohuwar ganuwar da ke tare ruwan teku a arewacin tsibirin Wallasea, cikin gundumar Essex da ke kudu maso gabashin Ingila, ruwan kogin Crouch ya kwararo ya mamaye hekta 115 na gonakin da aka daɗe ana nomawa. Da gangan aka yi hakan, kuma gwamnatin Birtaniya ce ta ɗauki nauyin aikin, wanda ya ci kimanin fam miliyan 7.5, domin ta sauke wani bashi da ya hau kanta tun fiye da shekara goma kafin wannan rana. Bashin kuwa na dausayi ne: an cike wasu filayen laka guda biyu na bakin teku don faɗaɗa tashoshin jiragen ruwa, sai ya zama tilas a samar da madadinsu a wani wuri. Abin da wannan nazari ya sa a gaba shi ne yadda aka tsaya a kan Wallasea, da abin da zaɓen wurin ya iya gyarawa, da kuma abin da ya gagare shi.

Asalin bashin

Filin farko shi ne Lappel Bank, hekta 22 na laka a bakin kogin Medway da ke gundumar Kent, daura da tashar jiragen ruwa ta Sheerness. Irin wannan fili ruwan teku yana rufe shi sau biyu a kowace rana, sannan ya janye ya bar laka a sarari, kuma a cikin lakar ne tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi da danginsu suke zaune, waɗanda su ne abincin tsuntsayen bakin ruwa da ke tahowa daga arewacin duniya su yi hunturu a gabar Ingila. A watan Disambar 1993 gwamnati ta ayyana hekta 4,681 na bakin Medway a matsayin yankin kariya ta musamman, bisa dokar kare tsuntsaye ta Turai ta 1979, amma ta cire Lappel Bank daga cikin iyakar, tana mai cewa bukatar faɗaɗa tashar Sheerness da ayyukan yi da za ta samar sun rinjayi darajar filin ga tsuntsaye. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta garzaya kotu. Shari'ar ta hau har zuwa Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a wancan zamani ita ce kotun ƙoli, ita kuma ta miƙa tambayar ga Kotun Turai, amma ta ƙi bayar da umarnin dakatar da aikin kafin a yanke hukunci, saboda ƙungiyar ba ta ɗauki alkawarin biyan asarar da tashar za ta yi idan shari'ar ta juya mata baya ba. A ranar 11 ga Yulin 1996 Kotun Turai ta yanke cewa ba ya halatta a duba dalilan tattalin arziki wajen shata iyakar irin wannan yanki. Hukuncin ya zo ne ihu bayan hari, domin an riga an cike filin, an mai da shi wurin ajiye motoci da kayan da jirage ke saukewa.

Fili na biyu shi ne Fagbury Flats, kimanin hekta 32 a bakin kogin Orwell da ke gundumar Suffolk, wanda faɗaɗa tashar Felixstowe ya cinye bayan wata doka da majalisa ta zartar a 1988. Tun da irin dalilin da ya sa aka bar Lappel Bank a wajen iyakar kariya shi ne ya sa aka bar wannan ma, gwamnati ta haɗa asarar biyu wuri guda, ta ɗauki alkawarin samar da madadin hekta 54 ɗin gaba ɗaya. Ma'aikatar kula da muhalli da abinci da harkokin karkara, wato Defra, ita ce ta jagoranci aikin, tare da hukumar muhalli ta Ingila da hukumar kula da halittun daji ta lokacin.

Abin da ake nema a wurin

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka cewa neman wurin farfaɗo da dausayi neman fili ne mai faɗi kuma mai araha kusa da ruwa. A gabar teku kuwa, abin da ke yanke hukunci kafin komai shi ne tsayin ƙasar idan aka gwada shi da inda ruwa ke kaiwa. Cikar teku ba ta zama ɗaya kullum: lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika ruwan yana hawa sosai, a tsakaninsu kuma cikar tana raguwa. Ƙasar da ke ƙasa da matakin ƙaramar cika kusan kowane zuwan ruwa yana rufe ta, tsiro ba ya iya kama ƙasa a kanta, don haka laka ce tsagwaronta. Ƙasar da ke tsakanin matakin ƙaramar cika da na babba ita ce ke fitar da ciyayi masu jure gishiri, ta zama dausayin gishiri. Wadda ta wuce nan kuma ruwa ba ya isa gare ta sai jefi-jefi, kuma ba za ta biya bukatar tsuntsun da ke kiwo a laka ba. Tazarar da ke raba waɗannan matakai ba ta da yawa, wani lokaci bambancin rabin mita ya isa ya sauya abin da wurin zai zama baki ɗaya, shi ya sa auna tsayin ƙasa dalla-dalla yake zuwa kafin a fara maganar farashi da mai fili.

Akwai wani al'amari da ke rikita wannan lissafi a gabar Essex, wato yawancin gonakin da ke bayan ganuwar teku asalinsu dausayin gishiri ne da aka kewaye ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Da zarar an kewaye irin wannan ƙasa aka tsane ruwanta, sai ta bushe ta danne, ruɓaɓɓun tsirran da ke cikinta su ƙare, kuma sabuwar laka ta daina sauka a kanta, alhali dausayin da ke wajen ganuwar yana ci gaba da samun laka yana ƙara tsayi. Bayan ƙarnoni sai a tarar gonar da ke ciki ta yi ƙasa da dausayin da ke waje, ta kuma yi ƙasa ƙwarai da matakin babbar cika. Ga mai neman filin laka wannan alheri ne, domin yana fasa ganuwa zai sami abin da yake so. Ga mai neman ciyayi kuma matsala ce, sai ya ɗaga ƙasar ko ya jira shekaru laka ta taru. Idan ma ƙasar ta yi zurfi fiye da kima, abin da za a samu tafki ne wanda ba ya tsanewa ko da teku ta janye, kuma tsuntsu mai gajerun ƙafafu ba shi da abin yi a cikinsa.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko wuyar gani, kuma a ganina shi ne ya fi yawan kayar da wuraren da suke da kyau a taswira. Duk filin da aka buɗe wa teku, ruwan da zai cika shi ta cikin kogin zai bi ya shiga, ta nan kuma zai fita, sau biyu a rana har abada. Ke nan an ƙara wa kogin nauyin ruwan da yake ɗauka a kowace cika, kuma kamar yadda magudana ke zaizayewa ta faɗaɗa idan aka sako mata ruwan da ya fi ƙarfinta, haka bakin kogi yake yi: gudun ruwa ya ƙaru, ya kwashe lakar da ke gefe, ya ci gindin ganuwar maƙwabta. Idan filin yana can ciki nesa da teku, inda kogin ya tsuke, to duk tsawon kogin daga nan zuwa bakinsa zai ji wannan sauyi, har ta kai ana lalata tsohon dausayi mai lafiya da sunan ƙirƙirar sabo. Idan kuwa yana kusa da baki, inda kogin ke da faɗi da zurfi, ƙarin ruwan ƙalilan ne a kan abin da ke wucewa dama. Saboda haka girman fili kaɗai ba abin alfahari ba ne, sai an gwada shi da girman kogin da zai ciyar da shi, kuma ana yin wannan gwaji ne da lissafin kwamfuta na tafiyar ruwa da laka kafin a taɓa ganuwa.

Sauran sharuɗɗan sun fi sauƙin fahimta, ko da yake kowannensu ya isa ya hana aiki. Dole ne a gina sabuwar ganuwa a baya don kare abin da ya rage, kuma tsawonta ne ke cin kaso mai yawa na kuɗin, don haka filin da tudu ya tare bayansa ya fi wanda sai an kewaye shi. Bai kamata a sami gidaje ko tituna ko layin wutar lantarki ko tsohon juji a ciki ba. Ana duba hanyoyin ƙafa da doka ta ba jama'a haƙƙin bi, waɗanda a Ingila sau da yawa a kan ganuwar teku suke, ana kuma duba kayan tarihi da ke binne. Wani abin da ake yawan mantawa shi ne cewa bayan ganuwa akan sami makiyaya masu damshi da ramukan ruwan daɗi waɗanda su ma doka ta kare su, kuma ba shi da ma'ana a nutsar da wuri mai kariya a cikin ruwan gishiri don a biya diyyar wani wuri mai kariya, tun da yin hakan sabon bashi ne. Daga nan sai maganar mai fili, wanda in bai yarda ba sai an bi doguwar hanyar karɓe ƙasa da ƙarfin doka, da kuma mutanen yankin, waɗanda ba abu ne mai sauƙi ba a ce musu za a fasa ganuwar da kakanninsu suka gina, musamman a gabar da ambaliyar 1953 ta kashe mutane fiye da 300 a Ingila.

Masu binciken ba daga sama suka fara ba. An riga an gwada fasa ganuwa da gangan a Essex: a tsibirin Northey a 1991 a kan filin da bai kai hekta ɗaya ba, sai Tollesbury da Orplands a 1995, sai Abbotts Hall a 2002. Daga waɗannan gwaje-gwaje aka koyi cewa tsirran gishiri suna zuwa da kansu idan tsayin ƙasa ya dace kuma akwai tsohon dausayi kusa da zai ba da iri, aka kuma koyi cewa tsohuwar ƙasar noma da ta danne takan zama kamar daɓe a ƙarƙashin sabuwar laka, ta hana ruwa tsanewa.

Dalilin tsayawa a kan Wallasea

Wallasea yana tsakanin kogin Crouch ta arewa da kogin Roach ta kudu da gabas, kusa da inda suke haɗuwa su faɗa teku. A da can wasu ƙananan tsibiran dausayi ne da aka kewaye ɗaya bayan ɗaya har suka haɗe, kuma ambaliyar 1953 ta nutsar da shi. Bayan haka aka baje ƙasar, aka cike tsofaffin magudanan ruwa, aka mai da shi manyan gonakin alkama da makamantanta. Wannan tarihi shi ne ya sa ya dace. Ƙasar tana ƙasa da matakin da tsirran gishiri ke kamawa, daidai inda laka ke samuwa. Kusan babu mazauna a tsakiya da gabashin tsibirin, domin 'yan gine-ginen da ke akwai, da matsayar ƙananan jiragen ruwa da wurin sauke katako, duk suna can yamma. Noman zamani ya riga ya rage darajar wurin ga halittun daji, saboda haka abin da za a rasa bai kai abin da za a samu ba. Filin yana hannun kamfanin noma guda ɗaya, kuma ganuwar arewa ta tsufa ta lalace, ta yadda mai filin shi ma yana bukatar sabuwar kariya ga sauran gonakinsa. A nan bukatun ɓangarorin biyu suka haɗu: gwamnati tana neman inda za ta shigo da ruwa, manomi kuma yana neman ganuwar da za ta tsare masa abin da ya rage.

Ta fuskar wuri kuma, tsibirin yana tsakanin filayen biyu da aka rasa, kimanin kilomita 20 a arewacin Sheerness da kimanin kilomita 50 a kudu maso yammacin Felixstowe idan aka auna a miƙe, a cikin jerin bakunan koguna da tsuntsaye iri ɗaya suke amfani da su. Kogunan Crouch da Roach su ma a lokacin yankin kariya ne a dokar Turai da kuma yarjejeniyar kare dausayi ta duniya, wato Ramsar ta 1971, don haka sabon filin zai jingina ne da dausayi mai rai, inda tsutsotsi da irin tsirrai za su iya shigowa tare da ruwa. Wannan kusanci yana da fuska biyu, domin duk ɓarnar da ƙarin ruwan zai yi, a kan wuri mai kariya za ta faɗa. Ga kuma garin Burnham-on-Crouch a tsallaken kogin, wanda ya shahara da tseren jiragen ruwa masu filafilai, ga masu kiwon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, a kogunan, waɗanda dukansu suna da dalilin tsoron sauyin gudun ruwa ko taruwar laka a hanyar jirage. Shi ya sa aka zaɓi siririn yanki mai tsawo a gefen arewa maimakon a buɗe tsibirin duka, aka raba shi gida-gida, aka fasa ganuwar a wurare da dama domin ruwan ya rarrabu kada ya taru a ƙofa ɗaya.

Matsalar da ta rage ita ce ta ciyayi, tun da ƙasar ta yi ƙasa da inda suke tsirowa. Maganin ya fito ne daga tashar jiragen ruwa, wato irin wurin da ya jawo asarar tun farko. Hukumar da ke kula da mashigin Harwich, wanda jiragen Felixstowe ke bi, tana yashe hanyar jirage a kai a kai, kuma lakar da aka yaso galibi can cikin teku ake zubar da ita. Sai aka kawo ɗaruruwan dubban tan na wannan laka a jirgi, aka tura ta cikin bututu zuwa gindin sabuwar ganuwa, aka ɗaga wani zirin ƙasa zuwa matakin da tsirran gishiri ke so. Zirin yana da amfani biyu, domin bayan kasancewarsa dausayi, yana karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta bugi ganuwar. An kuma haƙa magudanai, an yi 'yan tsibirai inda tsuntsaye za su sauka idan ruwa ya rufe lakar. Wannan ɓangare yana nuna cewa samun tashar da ke yasa a nesan da jirgi zai iya zuwa cikin sauƙi yana daga cikin abin da ya sa wurin ya dace, ko da yake ba abu ne da ake gani a jikin filin ba.

Abin da zaɓen wuri bai iya gyarawa ba

Idan aka tsaya a kan alƙaluma, an rasa hekta 54 an samar da 115, wato fiye da ninki biyu, kuma tsuntsaye sun zo, tsirran gishiri sun fito a kan lakar da aka zuba. A ma'aunin injiniya da na masanin ruwa, zaɓen ya yi daidai. Sai dai adadin hekta shi ne mafi raunin ma'auni a irin wannan aiki, kuma akwai abubuwan da ya ɓoye.

Na farko kuma mafi nauyi shi ne lokaci. Tsakanin cike Lappel Bank da buɗe Wallasea an yi fiye da shekara goma, na Fagbury kuwa ya fi haka, kuma ko bayan shigowar ruwa sai an ƙara wasu shekaru kafin tsohuwar gona ta tara laka mai laushi da halittun da tsuntsu zai ci. Abin da ke samun tsuntsaye a irin wannan tazara an gan shi a fili a wani wuri. A watan Nuwambar 1999 aka rufe madatsar Cardiff Bay a yankin Wales, filayen lakar da ke bakin kogunan Taff da Ely suka zama tafkin ruwan daɗi na dindindin. Masana na cibiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya sun bi diddigin wani tsuntsun bakin ruwa mai jajayen ƙafafu, wanda Turawan Ingila ke kira redshank, ta hanyar zobban da suka sanya wa tsuntsayen tun kafin a rufe madatsar. Sun gano cewa waɗanda aka raba da wurin kiwonsu sun koma filayen da ke kusa, inda suka tarar da masu wuri, suka rame, kuma yawan waɗanda ke tsira daga shekara zuwa shekara ya sauko daga kimanin kashi 85 cikin ɗari zuwa kashi 78. Wannan tsuntsu yana cikin waɗanda ke kiwo a Lappel Bank kafin a cike shi, kuma yana da ɗabi'ar komawa wuri ɗaya kowane hunturu. Ke nan tsuntsayen da suka sauka a Wallasea bayan 2006 ba su ne aka kora ba, kuma asarar shekarun da ke tsakani ba wanda ya biya ta. Ana iya cewa ninka faɗin fili wani nau'in biyan wannan jinkiri ne, amma hujjar tana da rauni, domin fili mai faɗi da ya zo a makare ba ya dawo da zuriyar da ba a haifa ba.

Na biyu shi ne nisa. Kilomita 20 ba komai ba ne ga tsuntsun da ya taso daga Siberiya ko Iceland, kuma idan ana maganar yawan tsuntsayen gabar gaba ɗaya, Wallasea yana cikin da'irar da ta dace. Amma kogin Medway shi ne ya rasa lakarsa, kogin Orwell ma haka, kuma duk wani aikin da filayen ke yi wa kogunan nasu, kamar renon ƙananan kifaye da rage ƙarfin igiyar ruwa, bai koma can ba. A nan ne ake ganin cin karo tsakanin sharuɗɗan zaɓe: wuri mafi kusa da inda aka yi ɓarna galibi shi ne mafi cunkoson masana'antu da tsadar ƙasa, domin abin da ya kawo tashar jirgi shi ne ya kawo sauran gine-gine, wuri mafi sauƙin aiki kuma yana nesa. Amurka ta sha wannan muhawara a ƙarƙashin dokarta ta tsaftar ruwa, inda aka daɗe ana fifita biyan diyya a jikin filin da aka lalata, har rahoton majalisar bincike ta ƙasar na 2001 ya nuna cewa manufar hana raguwar dausayi ba ta cika ba, sannan ƙa'idar 2008 ta karkata ga duba bukatar kwarin kogi baki ɗaya. Hukuncin da ya fi kusa da gaskiya a ganina shi ne a nemi wurin da zai rayu ko da ya ɗan yi nisa, amma a rubuta nisan a matsayin ragi a cikin lissafi, kada a yi kamar babu shi.

Na uku ya shafi ko sabon dausayi yana zama daidai da tsoho. Wani nazari da aka buga a 2012, wanda ya tattara bayanan dausayoyi 621 da aka farfaɗo a sassan duniya, ya nuna cewa a matsakaici tsarin halittunsu da aikin ƙasarsu sun gaza na dausayin asali da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, har a wuraren da suka daɗe. A shekarar kuma masana a Ingila suka nuna cewa dausayoyin gishiri da aka samar ta hanyar fasa ganuwa ba su da haɗin tsirrai irin na asali, kuma wasu nau'o'in suna ƙaranci ko bayan shekaru masu yawa. Ga filin laka kuma akwai wata matsalar ta daban wadda ta shafi zaɓen wuri kai tsaye. Filin da aka buɗe a bayan tsohuwar ganuwa yana cikin lungu, ragowar ganuwar tana kare shi daga igiyar ruwa, don haka laka tana kwanciya a cikinsa tana ƙara tsayi, har ta kai matakin da ciyayi za su kama. A bakin kogin Humber, inda ruwa ke ɗauke da laka mai yawa, an ga haka a Paull Holme Strays da aka buɗe a 2003, inda wurin da aka tanada don laka ya yi ta rikiɗewa zuwa dausayin ciyayi cikin 'yan shekaru. Dausayin ciyayi abu ne mai daraja, amma idan laka aka rasa kuma laka aka yi alkawari, to alkawarin yana zaizayewa a hankali. Saboda haka bai isa a tambayi abin da fili zai zama ranar da ruwa ya shiga ba, sai an tambayi abin da zai zama bayan shekara talatin, kuma amsar tana cikin yawan lakar da kogin ke ɗauke da ita.

Akwai kuma tambayar da ba a cika son yi ba. Idan ganuwar Wallasea ta riga ta tsufa har ana tsoron za ta fashe da kanta, to ashe teku za ta karɓi filin ko ba a biya ko kwabo ba, kuma diyyar da aka lissafa abu ne da zai faru dama. Tambayar tana da ƙarfi, kuma ya kamata a yi ta ga duk wurin da aka gabatar a matsayin madadi. A wannan lamari dai amsar da ta fi gamsarwa ita ce fashewar da ba a shirya ba za ta nutsar da tsibirin duka a lokaci ɗaya, ta jawo ruwa mai yawan gaske ta cikin Crouch da Roach, ta zaizaye dausayin da ke gefensu, kuma abin da za ta bari ba lallai ya zama filin kiwon tsuntsaye ba.

Bayan 2006

Wannan fargaba ce ta haifar da mataki na gaba. Ƙungiyar RSPB, wadda ita ce ta kai ƙarar Lappel Bank, ta karɓi kula da filin 2006, wanda yanzu ake kira Allfleet's Marsh, sannan ta sayi mafi yawan sauran gonakin tsibirin don wani aiki na kimanin hekta 670. Matsalar ita ce wadda aka riga aka bayyana, amma a babban sikeli: ƙasar ta yi zurfi, kuma buɗe ta yadda take zai ɗora wa kogin Roach ruwan da ba zai iya ɗauka ba. Sai aka yi dace da aikin Crossrail, wato haƙa ramukan jirgin ƙasa a ƙarƙashin Landan, wanda ke neman inda zai kai ƙasar da ya tono. An kawo fiye da tan miliyan 3 ta jiragen ruwa, aka ɗaga ƙasar gabashin tsibirin aka siffanta ta da tuddai da kwaruruka, sannan a watan Yulin 2015 aka fasa ganuwa aka buɗe sashen da ake kira Jubilee Marsh. Ƙasar da aka samu ba ta isa ɗaga tsibirin duka ba, don haka sauran sassan aka mai da su tafkuna marasa zurfi da ake sarrafa shigar ruwansu ta ƙofofi, kuma aikin ya kammala a 2018.

Dokoki ma sun motsa. Jagorar da ke fassara dokar muhallin halittu ta Turai ta 1992 ta tsaya a kan cewa a ƙa'ida madadi ya kasance a shirye kafin ɓarna ta auku. A Ingila kuma, dokar muhalli ta 2021 ta wajabta wa yawancin sababbin gine-gine, tun daga watan Fabrairun 2024, su bar halittun wuri da ƙarin aƙalla kashi 10 cikin ɗari, su kuma tabbatar da kula da madadin na shekara 30. Ma'aunin da ake amfani da shi yana rage darajar madadi gwargwadon nisansa daga inda aka yi ɓarna, da yawan shekarun da zai ɗauka kafin ya kai matsayin da ake so, da wuyar samar da irinsa. Da za a auna hekta 115 na Wallasea da irin wannan ma'auni, a cire ragin nisa daga Medway da Orwell, a cire na shekarun jira, ratar da ke tsakaninsu da hekta 54 da aka rasa za ta tsuke ƙwarai.